Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata A Kano: 'Ya'yanmu Masu Galahanga Sun Girma, Aiki Suke Nema

Zuwa ga shugabannin Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, da masu masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, da shugabannin kasuwanninmu, da Shugaban Ma'aikatan Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina roƙon Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya kawo mana sauƙin wannan zamani. Ni tsohuwar malamar firamare ce, haifaffiyar cikin birni, kuma uwa ga wani saurayi da ya haura shekara ashirin, wanda likitoci suka tabbatar yana da lalurar otizim, wadda aka fi sani a wajenmu da galahanga. Ba ni kaɗai nake magana ba. Akwai iyaye da yayye da muka saba da juna a kan bencin jiran likita tun 'ya'yanmu suna ƙanana, zumuncin ya ɗore har samarin suka yi gemu, 'yan matan suka isa aure. Da yawunsu na ɗauki alƙalami, da kuma yawun 'ya'yan namu, domin na karanta wa wasu daga cikinsu wannan takarda, sun kuma gyara mini wurare.

Abin da ya tayar da mu shi ne shirun da ake yi da maganar manya. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan wannan lalura a 2007, duk shekara a kan ji likita a rediyo yana bayanin alamomin da uwa za ta lura da su ga ɗan shekara biyu. Mun gode da wannan, ya ceci gidaje da yawa. Amma ɗan shekara biyun da aka yi wa wannan bayanin a farkon lamarin yanzu yana da gashin baki. Ya gama makaranta ko ya koyi sana'a, ya zo bakin ƙofarku, a nan kuma maganar take tsayawa.

Doka ba ta yi shiru ba. A watan Janairun 2019 marigayi tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba su haƙƙin neman aiki daidai da kowa, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su kasance daga cikinsu, ta kuma sa tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Ba guragu da makafi da kurame kawai ta ambata ba, ta haɗa da lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwa da fahimta. Wa'adin shekara biyar da aka bayar don gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2010, wadda ta wajabta a yi wa ma'aikaci ɗan gyaran da zai ba shi damar yin aikinsa. Muna ganin wasu gine-gine sun yi gangaren keken guragu, muna murna da 'yan uwanmu. Namu kuwa, da yake lalurarsu ba a ganinta da ido, ko a lissafi ba a sa su.

Ku yi mini haƙuri in yi ɗan bayani, don da yawa daga cikin manajojinku ba a taɓa yi musu shi ba. Otizim yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne, da shi ake tashi, da shi ake tsufa. Ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba a ɗaukarsa a wajen wani, kuma binciken da aka yi a kan ɗimbin yara a ƙasashe daban-daban ya wanke allurar rigakafi daga zargin da aka taɓa yi mata. Mai shi yakan sha wahalar karanta fuska da gane abin da ake nufi a bayan magana. Ƙara ko haske ko wari da mu ba ma damuwa da su, shi sukan yi masa ciwo na gaske. Yana son tsari, canjin ba-zata yana rikita shi. Akwai wanda ba ya magana sam kuma zai buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwarsa, akwai wanda ya yi digiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ƙidayar 2006 ta ba jihar nan mutum sama da miliyan 9, ku yi lissafin da kanku, ku ne masu lissafi. Kusa da su akwai masu wahalar haɗa baƙi wajen karatu alhali kansu yana ja, da masu wahalar tsayar da hankali wuri guda. Duk abin da zan faɗa ya shafe su.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne intabiyu.

Ɗan wajena ya yi difloma a fannin lissafin kuɗi. In ka ba shi takardar rasit mai layi ɗari, zai nuna maka inda aka juya lamba kafin ka gama gyara zama. An kira shi ganawa a wani kamfani. Na goge masa kaya, yayansa ya raka shi, aka ce ya jira a waje. A ciki mutane ne jere a bayan teburi, fanka tana ƙara, wayar ɗayansu tana ta ruri. Aka ce ya ba da labarin kansa. Ya fara daga unguwar da aka haife shi da sunan makarantarsa ta allo, don abin da aka tambaya ke nan. Aka katse shi, aka ce ya faɗi rauninsa. Ya ce ba ya son hayaniya, ba ya gane wasa, kuma in aka yi masa tsawa yakan manta abin da aka ce. Gaskiya ya faɗa tsagwaronta, wadda duk mai neman aiki an koya masa ya ɓoye ta. Duk tsawon zaman idonsa yana kan tayil. Ba wanda ya miƙa masa takarda ko ɗaya ya ce lissafa mana wannan. Da yayansa ya bi sawu daga baya, sai aka ce masa yaron ba shi da kuzari, ko ido ba ya iya haɗawa da mutane.

Wannan maganar ta haɗa ido ta daɗe tana ci mini rai. A gidajenmu na Kano, yaron da ya tsura wa babba ido shi ake kira marar kunya. Mu muka raini 'ya'yanmu a kan sunkuyar da kai gaban na gaba, kuma ku ma haka aka raine ku. Daga ina muka samo wannan ma'auni har ya zama shi ke raba mutum da abincinsa? Intabiyu irin wannan iya baki take aunawa, da iya tallar kai. In mai talla kuke nema ko mai tarbar baƙi, ba laifi. Amma a ɗauki mai lissafi ko mai kula da sito ko mai gyaran inji da wannan hanya, tamkar mutum ne ya je Dawanau da tef ɗin tela zai auni gero. Ku kuke asarar ma'aikaci, mu kuma mu koma gida da saurayi wanda ya ƙara yarda cewa ba shi da amfani.

Na biyu, wanda Allah Ya sa ya tsallake ƙofar, zaman cikin yakan gagare shi, kuma yawanci ba aikin ne yake kayar da shi ba. Mu Kanawa mutanen zance ne. Muna da kara da alkunya, muna da habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda. Ubangida zai ce "rana fa ta yi", yana nufin a yi sauri. Zai ce "ai ka kyauta", alhali ɓarna aka yi. Kowa ya gane, ban da namu. Shi abin da kunnensa ya ji shi ne maganar. Wata daga cikinmu ta ba mu labarin ƙaninta da maigidansa ya ce masa "zauna nan, ina zuwa". Ya zauna tun hantsi har aka yi la'asar, sallah kawai take tashinsa ya dawo ya zauna, kaya suna jiransa a ciki. Aka ce malalaci ne ko dolo. Shi kuwa umarni ya bi. Da an ce masa "jira ni minti goma, in ban dawo ba ka koma ka ci gaba da jera kaya", da an wuce wurin.

Haka gaisuwa. Na san darajarta, ni na koyar da ita a aji shekara da shekaru. Amma akwai wanda zai shigo da safe ya ce "ina kwana" sau ɗaya ya wuce teburinsa, bai tambayi gajiya ba, bai tambayi iyali ba, bai tsaya hirar ƙwallo ba. Kafin wata ya ƙare an sa masa suna miskili, mai girman kai. Daga nan ba mai kare shi ranar da aka tashi rage ma'aikata.

Nawa ya taɓa samun wuri a wani sito na kayan masarufi, ta hanyar wani ɗan uwa. Aikinsa ƙirga katan-katan da ke shiga da fita. Ya riƙe aikin da gaske, ba ya latti, ba ya fashi, littafinsa tsaf. Wata rana ya ga lissafi bai cika ba, sai ya faɗa a fili, gaban maigida da sauran yara, ya faɗi adadin da ranar da motar da ta ɗauka. Bai san ana jan mutum gefe ba, bai san akwai wanda maganar za ta taɓa ba. Daga ranar ya zama abin tsana. Aka mayar da teburinsa jikin bangon da janareta yake, inda ko mai lafiyar kunne sai ya ɗaga murya. Ya fara toshe kunnuwansa da yatsu yana jijjiga jiki, wanda hanyarsa ce ta kwantar da hankalinsa tun yana yaro. Ba a daɗe ba aka sallame shi, wai ba ya iya zama da mutane. Alhazai, mutumin da ya tsare muku dukiya ke nan. Kullum ina jin 'yan kasuwa suna kukan rashin yara masu amana, ga mai amana an kore shi saboda bai iya lulluɓe ta ba.

Na uku shi ne tsokana, kuma wayar hannu ta ƙara mata dafi. A da in an tsokani mutum a wurin aiki, a nan take ƙarewa. Yanzu sai a ja shi da gangan, a taɓa masa kayan da ya jera, a yi masa ihu ta baya, in ya rikice a ɗauki bidiyo a tura. Uwa tana zaune a gida za a nuna mata ɗanta a waya ana dariya, an rubuta "taɓaɓɓen wurinmu". Akwai wanda tun da aka yi masa haka bai ƙara yarda ya fita ko masallacin unguwa ba sai da rakiya. Wanda ya yi wannan aika-aika yana nan a bakin aikinsa, don a ganin shugabansa wasa ne.

Na huɗu, lada. Sau da yawa in aka ɗauki ɗaya daga cikinsu, a matsayin taimako ake ɗaukarsa. Ba takardar kama aiki, ba albashi tsayayye, sai ɗan kuɗin mota da na sabulu, alhali yana yin aikin da na kusa da shi yake karɓar cikakken albashi a kai. Da yake ba zai yi ƙorafi ba, kuma iyayensa suna tsoron kada a ce sun yi butulci, sai a shekara a haka. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne tun 2024 ga wuraren da dokar ta hau kansu, kuma babu inda aka ce ban da mai galahanga. Gumin ma'aikaci haƙƙi ne, Allah zai tambaya.

'Yan mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. An fi gano lalurar ga maza, wani ɓangare na dalilin shi ne mace takan koyi kwaikwayon sauran mata ta rufe halin da take ciki, mu kuma mu yaba shirunta mu ce kunya ce. In ta fita aiki, ba kullum take gane mai mugun nufi daga mai kyakkyawa ba, tana iya ɗaukar maganar banza a matsayin umarnin shugaba. Iyaye da yawa saboda wannan tsoron suke hana 'ya'yansu mata fita, ko da sun iya ɗinki ko kwamfuta fiye da kowa a gidan.

Ga inda duk wannan yake ƙarewa. Saurayi ya dawo ɗaki, ya juya dare ya zama rana, abin da ya koya ya fara zubewa. Damuwa da ƙuncin rai sun fi yawa ga manya masu wannan lalura, likitoci sun san haka, kuma zaman banza yana ƙara su. Wasu gidajen in abin ya fi ƙarfinsu sai a nufi gidan mari da mutumin da ba abin da yake buƙata illa abin yi da wanda zai fahimce shi. Mu iyaye kuma akwai tambayar da ke hana mu barci, wadda ba ma iya yi a gabansu: in mun kwanta dama, wa zai riƙe shi? Ɗan da yake da sana'a da albashinsa, 'yan uwa za su iya zama da shi da daɗin rai. Wanda ba shi da komai, sai yadda hali ya yi.

Na san abin da za ku ce, kuma ba zan raina shi ba. Wuta ba ta tsayawa, dizal ya yi tsada, masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun rufe, masu digiri lafiyayyu suna yawo da takardu. Gaskiya ne. Ba mu ce a ƙirƙiri kujerar da babu ita ba, ba mu ce a ɗauki wanda bai iya ba. Cewa muka yi kujerar da ke akwai a bar namu su yi takararta ta hanyar da za a ga iyawarsu. Matsalar ma ba tamu ce mu kaɗai ba: wani rahoton gwamnatin Birtaniya na 2024 ya nuna kimanin 3 cikin 10 ne kawai na masu otizim da suka isa aiki suke da aikin yi a can. Sai dai wasu sun fara gyara, kuma 'yan kasuwa ne irinku masu neman riba. A Danmak, wani uba mai suna Thorkil Sonne ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004 bayan an gano lalurar ga ɗansa, yana ɗaukar masu otizim aikin gwajin manhajar kwamfuta, inda ake buƙatar mai ganin ƙaramin kuskure. Kamfanin SAP na Jamus ya buɗe shirinsa a 2013, Microsoft a 2015. Babban abin da suka canza shi ne hanyar ɗauka: maimakon zaman tambayoyi, sai a ba mutum aiki na wasu kwanaki a ga yadda yake yi.

Wadda ta fi burge ni ita ce Temple Grandin ta Amurka, don aikinta ya shafi abin da muka sani, shanu. Ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku. Da ta girma, sai ta riƙa shiga hanyar da ake koro shanu a mahauta tana duba abin da saniya take gani: inuwa a ƙasa, sarƙa tana lilo, ƙyallin ruwa, ƙananan abubuwan da ke firgita dabba ta ƙi tafiya, waɗanda ma'aikatan wurin suke wucewa kullum ba su lura ba. Ta zana hanyoyi masu lanƙwasa da shanu suke bi cikin natsuwa, yau kusan rabin shanun Amurka ta irin tsarinta suke bi, ita kuma farfesa ce a jami'ar jihar Kolorado. A nan gida, a 2025 wani yaro ɗan shekara 15 mai otizim, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya shiga kundin bajinta na Guinness da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000, aka baje shi a Abuja.

Amma kada waɗannan sunaye su sa ku zaci kowane mai galahanga gwani ne na ban mamaki. Yawancinsu mutane ne kamar kowa, wani ya iya lissafi, wani ɗinki, wani jera kaya da liƙa lamba, wani ba abin da zai iya sai shara da ban ruwan fulawa, amma zai yi su kullum a kan lokaci ba tare da an tsaya a kansa ba. Kowannensu ya cancanci ladan abin da ya iya.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne hanyar da waɗancan kamfanoni suka gano, mu a Kano da ita muka gaji kasuwa. Wane ubangida ne a Kantin Kwari ko Kurmi ko Ƙofar Wambai ya taɓa zaunar da yaro ya ce ba ni labarin kanka? Kawo shi ake yi, a ce ga ɗan wane, ya zauna a shago, a ga hannunsa, a ga amanarsa, in ya yi shekaru a sallame shi da jari. Marinan Ƙofar Mata da maƙera da dukawa duk haka suke yaye yaransu. Gani ya kori ji. Na tabbata a cikin tsofaffin masu sana'ar birnin nan an yi masu irin wannan hali da yawa, waɗanda aka sani da rashin son magana da tsananin ƙwarewa, aka bar su suka yi aikinsu, suka yi aure, suka riƙe gidajensu. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya riƙe Madina in zai yi tafiya, wato amana ya ba shi da muƙami. Kuma ya tabbata a hadisi cewa wata mata mai lalura a hankalinta ta ce tana da buƙata a wajensa, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama bayaninta. Ita ta zaɓi wurin, shi ya bi.

Don haka ga roƙonmu.

Ga masu kamfanoni da masana'antu: duk aikin da hannu ko lissafi ne jigonsa, ku sa gwajin aiki a madadin intabiyu, ko a ƙalla a gefenta. Wanda ya sanar da ku lalurarsa, ku tura masa tambayoyin tun kafin ranar, ku rage yawan masu zama a kansa, ku bar wani nasa ya shiga da shi in ya nema. In kun ɗauke shi, ku ba shi takardar kama aiki da albashin da kuke ba kowa a wannan matsayi. Ku haɗa shi da mutum ɗaya mai haƙuri wanda daga bakinsa zai riƙa karɓar umarni, a faɗa masa abu ɗaya bayan ɗaya, a fili ba da habaici ba, in da hali a rubuta masa a takarda ko a tura masa ta WhatsApp. In za a canza masa wuri ko lokaci, a gaya masa tun jiya. A nisanta shi da janareta, ko a bar shi ya sa abin toshe kunne, wanda dama ya kamata a ce kowane ma'aikacin inji yana da shi. In ya rikice, a bar shi ya keɓe na ɗan lokaci, kada a taru a kansa, kada a riƙe shi da ƙarfi. A cikin duk abin da na lissafa, ku nuna mini wanda zai ci kuɗin dizal na yini guda.

Ku kuma rubuta a dokar wurinku cewa tsokanar ma'aikaci saboda lalurarsa ko ɗaukarsa bidiyo laifi ne mai hukunci, ku zartar a kan na farko da ya yi. Wanda ya gaya muku lalurarsa a asirce, ku riƙe masa sirrinsa. Da yawa suna nan a cikinku yanzu haka, suna aiki suna ɓoyewa, don sun ga abin da ya sami waɗanda aka sani. Ma'aikaciyar da take da yaro mai wannan lalura kuma, a sassauta mata ranar asibiti.

Ga shugabannin KACCIMA: kuna tara 'yan kasuwar ƙasa da na waje duk shekara a filin baje koli na titin gidan zu. Muna roƙon ku ware zama guda a ciki don wannan magana, ku gayyato malaman sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero da likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su yi wa manajoji da masu kula da ma'aikata bayani da Hausa. Ku sa masu lalurar kansu a kan teburin, waɗanda za su iya magana su yi, don sun fi mu sanin inda yake yi musu ciwo. Daga nan ku nemi kamfanoni kaɗan da za su yarda su fara gwadawa na wata shida, a dawo a faɗi abin da aka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ga shugabannin kasuwanni, daga Kwari zuwa Singa zuwa masu gyaran waya na Farm Centre: ku yi wa iyayen gida magana su karɓi irin waɗannan yara koyon sana'a, ku kuma zama wurin da uwa za ta kawo ƙara in an zalunci ɗanta. Gyaran waya musamman aiki ne na natsuwa da ƙura wa ƙaramin abu ido, akwai 'ya'yanmu da za su yi fice a kansa in aka sama musu lungun da ba hayaniya.

Ga mai girma Shugaban Ma'aikata: idan za a cike gurbin masu buƙata ta musamman a ɗaukar aikin gwamnati, muna roƙon a sa masu lalurar da ba a gani da ido a cikin lissafi, a kuma rubuta haka ƙarara a sanarwar ɗaukar aiki, don mai cike fom ya san an yi da shi. A fitar da adadin waɗanda aka ɗauka duk shekara, kowane rukuni da nasa. A buɗe hanya mai sauƙi da babba zai je a duba shi a ba shi takardar shaida, domin da yawa sun girma ba a taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu ba. Cibiyoyin koyon sana'a na jiha kuma a horar da malamansu yadda za su koyar da irin waɗannan ɗalibai, a ware musu gurbi. Wuraren ajiyar fayil, ɗakunan karatu, shigar da bayanai a kwamfuta, ɗakunan gwaje-gwaje na asibiti, duk wurare ne da za a fara da su.

Mu a namu ɓangaren a shirye muke. Duk wanda ya karɓi ɗayansu, uwarsa ko yayansa zai zo ya zauna da ku ya faɗa muku abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi, za mu kuma amsa kira duk ranar da aka sami matsala. In kun sa ranar zama, ku sanar ta gidajen rediyo, za mu zo da 'ya'yanmu da takardunsu da kayan da suka yi da hannunsu.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa daga cikin birnin Kano, a madadin iyaye da 'yan uwan masu lalurar galahanga.